Azuzuwan share fage da suka kai ni jami'a a Bronx

Ni haifaffiyar Maradi ce. A can na yi karatu har na ci jarrabawar bak, wato ta gama sakandare, a sashen adabi, kuma burina a lokacin shi ne in wuce jami'ar Yamai. Aure ya riga karatun zuwa. Maigidana ya daɗe a Amurka, ya yi ta faman cike takardu har Allah ya nufa na iso masa a 2014 da 'yata a goye. Muka zauna a Bronx, wani yanki na birnin New York, cikin ɗaki ɗaya, muna raba kicin da bayi da wasu iyali. Gidan yana dab da titin Jerome, inda jirgin ƙasa mai lamba 4 yake bi ta kan gada a sama, duk sa'ad da ya wuce sai tagogi sun amsa.

Ban yi wata biyu ba na gane cewa Faransancin da na sha wuya na koya ba zai saya mini ko burodi ba a garin nan. Mace irina kuwa aiki biyu ne ke jiranta, ko kitso a shagunan Harlem, ko kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu. Na zaɓi na biyun. Na yi ɗan horo aka ba ni takarda, na fara aiki a kan dala 10 a awa. Akwai aikin kwana, wanda za ki zauna gidan tsohuwa awa 24 amma a biya ki kuɗin awa 13, wai sauran na barci ne da cin abinci. Duk wadda ta taɓa kwana da mai ciwon mantuwa ta san babu wani barci. Maigida yana tuƙin tasi da dare, ni ina fita da safe, sau da yawa a bakin ƙofa muke gaisawa. Abin da muka haɗa yana tafiya ne kan haya da cefane da ɗan abin da muke aika wa iyaye a gida.

Karatu bai fita raina ba, amma tsoronsa nake ji, kuma da dalili. Wata abokiyar aikina ta ga tallar wata makarantar kuɗi a cikin jirgi, ta je aka tarbe ta da fara'a, aka sa ta sa hannu a takardun bashi rana ɗaya. Ta gama ta fito da takardar da ba ta ƙara mata ko sisi a albashi ba, da ta je wata kwaleji kuma aka ce darussan da ta yi ba sa cikin waɗanda ake karɓa. Bashin yana nan yana haihuwa. Idan ta zauna tana ba da labari sai hawaye. Ni dai na ɗauka duk makarantun Amurka haka suke.

A benenmu akwai wata Hajiya, mutuniyar zangon Kumasi, wadda ta fi shekara ashirin a Bronx. Hausarta daban da tawa, amma tun ranar da ta ji ina yi wa 'yata faɗa a matakala ta riƙe ni tamkar ita ta haife ni. Wata rana ina kuka mata da gajiya, sai ta ce, "'Yar nan, ke da kika yi boko a gida, me ya zaunar da ke? Ga ƙaninki can yana zuwa makarantar gwamnati a kan tudu, ban taɓa biyan ko dala ba." Ta kira ɗanta ya zauna ya yi mini bayani. Makarantar ita ce Bronx Community College, ɗaya daga cikin kwalejojin shekara biyu na jami'ar birnin New York, wadda kowa ke kira CUNY. Ya ce duk mai takardar gama sakandare ana ɗaukarsa, ko daga ina ya zo. Ya ce, "Yaya, ki nemo bak ɗinki a fassara, ni zan raka ki."

Ranar da muka hau tudun na ga gine-gine masu ginshiƙai da wani babban ɗakin karatu mai ƙubba, sai gabana ya faɗi. Daga baya na ji cewa harabar ta wata jami'ar kuɗi ce a da, har zuwa 1973 da ta koma hannun kwalejin. Na biya dala 65 na neman shiga, aka ɗauke ni, aka kira ni gwajin da suke yi wa sababbin ɗalibai a lokacin: karatu, rubutu da lissafi. Ban kai makin da ake so ba ko a ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin rubutun nan, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Matar da ta duba sakamakona ba ta sallame ni ba. Ta jawo farar takarda ta yi mini lissafi da alƙalami. Ta ce tun da ina da takardar zama ta dindindin, kuma abin da muke samu kaɗan ne, idan na cike fom ɗin FAFSA zan sami tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, da na jihar New York da ake kira TAP. Ba bashi ba ne, ba a biya. Mafi yawan abin da Pell ke bayarwa a shekarun nan ya kusa dala 5,800 a shekara, kuɗin makarantar kuwa dala 2,400 ne a zango. To amma Pell yana da iyaka: zango 12 na cikakken karatu a duk tsawon rayuwar mutum, ya ƙare ya ƙare ke nan. Ta ce idan na yi rajista yanzu, za a zuba ni a darussan gyara, na Turanci hawa-hawa, na lissafi hawa-hawa. Kuɗinsu daidai yake da na kowane darasi, amma ba sa ba da kiredit ko ɗaya, wato makin da ake tarawa da kowane darasin da aka ci, alhali sai na tara kiredit 60 kafin in sami takardar shekara biyu, 120 kafin digiri. Zan iya cinye zango uku ko huɗu na tallafina ban taka ko matakin farko ba. Nan take na gane abin da take nufi, domin ni 'yar manomi ce: wannan cin irin shuka ne tun kafin ruwa ya sauka.

Sai ta nuna mini ɗaya hanyar. In jinkirta rajista, kujerata tana nan ba mai taɓawa, in shiga azuzuwan share fage waɗanda ba sa taɓa Pell ko kaɗan. Na Turanci sunansa CLIP, an kafa shi tun 1995 domin baƙi irinmu, dala 180 a zango ga mazaunin gari, kuma mutum zai iya yin har shekara guda. Na biyun CUNY Start, na gyaran karatu da rubutu da lissafi, wanda aka fara a 2009, dala 75 kacal, har da takardun karatu. Sharaɗin ɗaya ne, kuma mai nauyi: awa 25 a mako, Litinin zuwa Juma'a, babu fashi.

Masu yabon shirye-shiryen nan suna yawan ambaton arharsu, kuma gaskiya ne suna da arha. Amma ga talaka tsadar tana cikin awa 25 ɗin nan, domin kowace awa da na zauna a aji dala 10 ce ta fita daga tukunyarmu. Na kwana biyu ina juya maganar kafin in kai wa maigida. Ya saurara har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Idan kin tabbata za ki iya, zan ƙara ranar Lahadi." Lahadi ce kaɗai ranar hutunsa. Hajiya ta ce 'yata ta zama tata daga safe zuwa la'asar, kuma ta rantse ba za ta karɓi ko kwabo ba. Matan adashinmu suka yarda aka matso da kwasata gaba. Na mayar da aikina Asabar da Lahadi da wasu darare. Da na kira Inna na gaya mata abin da nake aikowa zai ragu na ɗan lokaci, ta ce, "Je ki yi karatunki, mu ba mu mutu da yunwa ba kafin ki tafi. Allah ya ba da sa'a."

Na fara CLIP a kakar 2015. A ajinmu mutanen Jamhuriyar Dominika suka fi yawa, sai 'yan Bangaladash, 'yan Yaman, 'yan Gini, Burkina Faso da Togo. Ba Turancin gaisuwa da cefane ake koyarwa ba. Tun makon farko aka miƙa mana littafi sukutum aka ce mu karanta, kuma kusan kullum sai mun yi rubutu. Malamarmu tana karɓar insha'i ta mayar da shi cike da tambayoyi a gefe, ki gyara ki kawo, ta sake mayarwa. A lisen Maradi, sakandaren da na yi, an koya mana mu yi doguwar shimfiɗa, mu kawo wannan gefe mu kawo wancan, sai can ƙarshe mu faɗi matsayarmu. A nan so suke ki faɗi abin da kike nufi tun a sakin layi na farko, sannan ki kawo hujja. Wannan ya fi nahawu ba ni wuya, don a ganina rashin kunya ne mutum ya fara da ra'ayinsa. Ita kuwa malamar ba ta gaji ba. A wurinta na fara taɓa kwamfuta da niyyar rubutu, da yatsa biyu.

Bayan CLIP na ci gwajin karatu, saura rubutu da lissafi, sai na wuce CUNY Start. Lissafi ne abin da na guje wa tun ina yarinya, shi ya sa ma na zaɓi adabi. Malamin da na samu bai yi kama da kowane malamin lissafi da na sani ba. Da wuya ya tsaya gaban allo yana zuba bayani. Zai rubuta tambaya ya koma gefe, idan kin ba da amsa ba zai ce daidai ne ko kuskure ba, sai ya ce, "Ta yaya kika samo ta?" Wata rana ya ce mu ɗauka ana biyan mutum dala 100, aka ƙara masa kashi 10 cikin ɗari, bayan wata guda aka rage kashi 10 cikin ɗari, nawa yake karɓa yanzu? Kusan duk ajin muka ce 100. Wani dattijo da ke aiki a kantin unguwa ya ce a'a, an cuci mutumin nan da dala ɗaya. Aka yi ta gardama, malam yana tsaye bai ce uffan ba, har dattijon ya tashi ya nuna cewa ragin daga 110 aka yi shi, wato 11, saura 99. Tun daga ranar na fara zama da takardar albashina ina bin ta layi-layi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba wanda zai gaya miki sai kin ci karo da su. Mu da muka yi makarantar Faransanci waƙafi muke sawa a tsakanin lamba da gutsurenta, mu rubuta 3,5. A Amurka ɗigo ake sawa, 3.5, waƙafi kuwa na dubbai ne. Hatta yadda ake jera lissafin rabawa a takarda ya bambanta: mu muna ajiye mai rabawa a dama mu ja layi a tsaye, su suna ajiye shi a hagu su rubuta amsa a sama. Malam ya leƙa takardata ya ga yadda nake yi, bai ce in daina ba, ya ce in hau allo in nuna wa aji. Ina cikin yi sai 'yan Dominika suka hau cewa ai su ma haka aka koya musu a gida. Ranar ce na fara ɗaga hannu a ajin lissafi da son raina.

Sau ɗaya a mako kuma muna zama da mai ba mu shawara, tana koya mana abubuwan da 'ya'yan masu ilimi suke tashi da su a gida: yadda ake karanta jadawalin darasi, yadda ake rubuta wa malami wasiƙa ta intanet, ranar ƙarshe da za ki iya janye darasi ba tare da ya ɓata miki maki ba, da abin da zai sa a yanke miki tallafi. Tare da ita muka cike FAFSA, tambaya bayan tambaya, da takardun harajin maigida a gabanmu.

Gwajin rubutu na lokacin minti 90 ne. Za a ba ki ɗan gajeren rubutu ki karanta, ki taƙaita shi, ki zaɓi magana ɗaya a ciki ki faɗaɗa da abin da kika sani ko kika gani a rayuwa. An yarda ki shiga da ƙamus na takarda, kuma ana neman maki 56. Na ci, na ci lissafin ma. A farkon 2017 na yi rajistar darussa masu kiredit, tallafina yana nan cif, ba a taɓa ko zango ɗaya ba.

Daga nan aka miƙa ni ga shirin ASAP, wanda birnin ya fara a 2007. Sharaɗinsa ki yi cikakken karatu, ki riƙa ganin mai ba ki shawara, da farko sau biyu a wata. Su kuma su cike abin da tallafi bai biya ba, su taimaka da kuɗin littattafai, a lokacin kuma su ba ki MetroCard, katin shiga jirgi, kyauta. Wanda bai zauna New York ba zai raina katin jirgi. A shekarar katin wata ya kai dala 121, wato fiye da aikin yini guda a wurina, kuma na san mutanen da suka yi fashin aji don babu dala 2.75 ta shiga jirgi. Can baya, ina haɗa wani aikin aji, na karanta binciken da cibiyar MDRC ta fitar a 2015: cikin ɗaliban da aka sa a ASAP kashi 40 cikin ɗari sun kammala cikin shekara uku, waɗanda ba a sa ba kuwa kashi 22. Ban yi mamaki ba, don na ga yadda abin yake aiki. A zangona na biyu 'yata ta kwanta asibiti, na ɓace mako guda. Mai ba ni shawara ta yi ta kira har ta same ni, ta rubuta wa malamaina, ta zauna da ni muka tsara yadda zan rama abin da ya wuce.

Ba duka muka kai ba, kuma wannan yana damuna har yau. A ajinmu na CLIP akwai wani yaro ɗan Gini wanda ya fi mu duka kaifin kai, yana kai abinci a keke har tsakar dare, ya zo aji idanu jajir. Mai gidan da yake haya ya ƙara kuɗi, sai ya daina zuwa. Akwai wata 'yar Yaman da ta rasa mai riƙe mata yara. Ni na sami miji da ya ba da Lahadinsa, da Hajiya, da adashi. A ganina duk shirin da ya nemi awa 25 daga hannun talaka ya kamata ya ba shi ko da kuɗin jirgi da wurin ajiye yaro tun daga ranar farko, ba sai ya haye ba.

Na karɓi takardar shekara biyu a 2019. Hajiya ta zo da ankon da ta ɗinka mana, ta yi guɗa a tsakiyar taro har mutane suna juyowa. Kiredit ɗina suka bi ni zuwa Lehman College, tasha kaɗan gaba a kan jirgin nan mai lamba 4, inda na karanta aikin jin daɗin jama'a. A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantu, karatu ya koma ta intanet, tasi ta tsaya cak, ni kuma ina fita aikin tsofaffi da takunkumi a lokacin da motocin asibiti ba sa yin shiru a Bronx. Na rage darussa, na ja lokaci, na gama a 2022 ba tare da bashin ko dala ɗaya ba. Pell ɗin da aka tanada mini tun farko shi ya kai ni har ƙarshe.

Yanzu ina aiki a wata ƙungiya da ke taimaka wa iyalai baƙi, yawancinsu daga Afirka ta Yamma, kuma Hausa da Faransancin nan su ne jarina a wurin. Abubuwa sun canja tun zamaninmu. Daga 2022 CUNY ta daina tsofaffin darussan gyara marasa kiredit, yanzu ana sa ɗalibi a darasi mai kiredit a haɗa masa da ƙarin awoyin taimako. Tun 2019 kuma dokar jihar New York ta buɗe tallafin TAP ga matasa da yawa marasa takardun zama waɗanda suka yi sakandare a jihar, ko da yake Pell har yanzu ba ya kai musu. Wanda bai gama sakandare a gida ba akwai azuzuwan kyauta na shirin jarrabawar GED, wadda ke tsayawa a madadin takardar sakandare, daga nan sai ya nemi shiga.

Idan mace ta zauna gabana tana neman taimakon haya ko na abinci, bayan mun gama abin da ya kawo ta nakan tambaye ta inda ta tsaya a karatu. Da yawa sai su sunkuyar da kai su ce ai an wuce wurin. Sai in ce ta kira gida a nemo mata takardarta, ko bak ce ko ta WAEC, a ɗauki hoto a turo tukuna mu gani. Waɗanda suka kawo, nakan ɗauki rabin yini in raka su kan tudun da kaina, in tabbata sun tambayi CLIP da CUNY Start kafin su sa hannu a kowace rajista, mu kuma zauna mu lissafa wa zai riƙe yara da kuma awa nawa na aiki gidan zai iya rasawa.